FASA-ƘABA, SARKIN JIBJI: SUNAYENSA DA AMFANINSA GA JIKI

Da zarar ruwan shuka ya sauka a ƙasar Hausa, tun gero bai kai taƙi guda ba, akwai wani ɗan tsiro da ke riga 'yan'uwansa fitowa a bakin jibji, da gindin rijiya, da kwarin kunya a gona. Ba ya miƙewa sama, sai ya shimfiɗu a ƙasa kamar tabarma, da rassa jajaye masu ruwa, da ƙananan ganye masu kauri da santsi. Kowane manomi ya san shi, gama yana cikin masu ba shi wahala lokacin firi da maimai. In ya nome shi ya bar shi bisa kunya, bayan 'yan kwanaki sai ya tarar ya sake kama ƙasa. Sabo da haka sai ya kwashe shi ya zubar a bayan gona, ko ya kai wa tumaki.

Wannan tsiro shi ne fasa-ƙaba. Shi ɗin nan da a ke zubarwa a nan, ɗauri ɗauri a ke sayar da shi a kasuwannin Hartum da Alƙahira da Istambul da birnin Meziko. Lokacin da ya fi yawa a gonakin Hausa kuwa, watau Yuli da Agusta, shi ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, ga aikin gona ya kai matuƙa. Duk abincin da ke samuwa kyauta a irin wannan lokaci ya cancanci a tsaya a bincike shi. Amma tun da labarinsa ya fara yaɗuwa an sami masu zuzuta shi, suna cewa maganin sukari ne, maganin zuciya ne, maganin kome da kome. Mai raina shi yana hasarar abinci, mai zuzuta shi kuwa ya kan jawo wa majiyyaci hasarar lafiya. Nufin wannan takarda shi ne a bayyana abin da ke cikin ganyen nan, da abin da ya ke yi wa jiki, da inda amfaninsa ya tsaya.

Sunayensa

Tsiro ba ya samun suna da yawa sai in mutane sun daɗe suna ma'amala da shi. Likita J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa, ya tattara sunayen itatuwa da ciyayi na Hausa ya buga su a 1916, tun a lokacin kuwa tsiron nan yana da suna fiye da ɗaya. In an dube su sai a ga sun kasu kashi uku.

Kashi na fari an ciro shi daga aikinsa: fasa-ƙaba da fasa-kumburi. Wannan ƙira ce sananniya a Hausa, inda a ke haɗa aikatau da abin da aikin ya faɗa wa su zama suna guda, kamar cika-gida da haukata-yaro da fasa-ƙwari. Ƙaba kuwa kumburi ne mai zafi. Kashi na biyu daga siffarsa ne: harshen saniya, ko halshen saniya a bakin mutanen yamma, sabo da ganyen yana da kauri da laushi, bakinsa a zagaye. Ɗan'uwan wannan suna a ƙira shi ne idon zakara da nonon kurciya. Kashi na uku daga mazauninsa ne: sarkin jibji da babba jibji. Jibji da juji da bola duk abu guda ne.

Abin lura shi ne, cikin sunayen nan duka ba wanda ya ambaci tukunya. Bahaushe ya san tsiron a wajen magani, ya san kamanninsa, ya san inda ya ke fitowa, amma bai raɗa masa sunan abinci ba. Masanin tsire-tsiren nan na ƙasar Suwidin, Linnaeus, da ya ba shi sunan Latin a 1753, ya kira shi Portulaca oleracea, kalma ta biyu kuwa ma'anarta ganyen lambu wanda a ke ci. Larabawa suna ce da shi rijla, suna kuma yi masa laƙabi da wawan ganye, wai don yana tsirowa a magudanar ruwa inda ambaliya za ta tafi da shi, har su kan ce wane ya fi rijla wauta. Mutanen Sin suna kiransa haƙorin doki sabo da siffar ganyen, suna kuma kiransa ganyen tsawon rai. Girkawa suna kiransa da sunan da ke nufin mai sulɓi, in kuwa mutum ya cika surutu sai su tambaye shi ko shi ya ci.

Akwai hatsari guda a cikin sunayen Hausa. A bakin waɗansu mutane babba jibji shi ne wannan ganye, a bakin waɗansu kuwa zaƙami ke nan, watau haukata-yaro, wanda dafi ne mai gusar da hankali, har ya kan kashe. Zaƙami tsiro ne mai tsayi, da manyan ganye, da farin fure kamar kakaki, da 'ya'ya masu ƙaya. Ba su yi kama ba ko kaɗan, sunan kaɗai ya haɗa su, amma wanda ya ji suna a bakin wani bai ga tsiron ba yana iya ruɗewa. Masu kama da fasa-ƙaba a ido su ne gadon maciji, da waɗansu dangin nonon kurciya masu yaɗo a ƙasa. Hanyar rarrabewa da na ƙarshen nan mai sauƙi ce: a karya reshe. Ruwan fasa-ƙaba garau ya ke, da ɗan yauƙi. In aka ga farin ruwa kamar nono ya fito, to, ba shi ba ne, kada a ci.

Halinsa

Furensa ƙarami ne rawaya, ba ya buɗewa sai da hantsi in akwai rana, bayan 'yan sa'o'i ya rufe. In ya nuna sai ya bar ɗan ƙwanso mai murfi kamar ƙaramin akushi, cike da ƙwayoyi baƙaƙe ƙanana kamar yashi. Tsiro guda mai lafiya yana iya ba da iri sama da 200,000. Irin kuwa yana da tsawon rai. A 1879 wani malami a Michigan ta Amurka, W. J. Beal, ya binne kwalabe cike da yashi da irin ciyayi dabam dabam, aka riƙa tono ɗaya ɗaya ana gwadawa. Irin fasa-ƙaba ya tsira bayan shekara 40 a ƙarƙashin ƙasa. Reshensa kuma in ya karye ya taɓa danshi sai ya yi saiwa, wanda aka tuge ma ruwan jikinsa ya kan ishe shi ya nunar da irinsa yana kwance a rana. Don haka ne masana aikin gona da suka jera ciyayi 18 mafiya ɓarna a duniya a 1977 suka sa shi a ciki.

Juriyarsa ga fari tana da dalili. Kowane ɗanyen ganye yana da ƙananan kafofi da ya ke shaƙar iska da su don ya haɗa abincinsa da hasken rana, ta nan ne kuma ruwansa ke fita. In akwai danshi, fasa-ƙaba yana aiki irin na gero da dawa da masara, masu saurin girma cikin zafin rana. In ƙasa ta bushe sai ya juya ya bi hanyar abarba: ya rufe kafofinsa da rana, ya buɗe su da dare sa'ad da iska ta yi sanyi, ya ajiye abin da ya shaƙa a matsayin wani ruwa mai tsami, gari ya waye ya yi aiki da shi. Tsire-tsire kaɗan ne ƙwarai suka haɗa hanyoyin nan biyu. A 2022 masana a Jami'ar Yale suka nuna cewa a cikin ganye guda, har a cikin ƙwayoyin halitta guda, fasa-ƙaba ke yin su duka. Wannan ya shafi mai girki, domin a lokacin fari ganyen da aka tsinka da sassafe ya fi na la'asar tsami.

Abin da ke cikinsa

Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta auna ɗanyen fasa-ƙaba. A cikin giram 100, watau kimanin abin da zai cika tafin hannu biyu, ga abin da aka samu:

Ruwa, giram 93
Ƙarfin abinci, kalori 20
Furotin, giram 2
Fotasiyam, miligiram 494
Maganiziyam, miligiram 68
Kalsiyam, miligiram 65
Sinadarin ƙarfe, miligiram 2
Bitamin C, miligiram 21

Abu na farko da lissafin nan ya nuna shi ne ganyen ba ya maye gurbin tuwo. Giram 100 na gero yana da kalori fiye da 350, na fasa-ƙaba 20 kacal, domin galibinsa ruwa ne. Wanda ya ci shi tsura zai tashi da yunwarsa. Amfaninsa yana cikin ƙananan abubuwan da jiki ke bukata kaɗan kaɗan kullum, waɗanda tuwo ba shi da su.

Busasshen hatsi ba shi da bitamin C sam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta babban mutum yana bukatar miligiram 45 a yini, ke nan tafi biyu na ɗanyen ganyen nan sun kusa ba shi rabi. Bitamin C ne ke ƙarfafa dasashi da fata, ya taimaki rauni ya warke. Yana da wani aiki kuma mai muhimmanci ga masu cin hatsi. Sinadarin ƙarfen da ke cikin gero da wake da ganye ba ya shiga jini da sauƙi kamar na nama, amma in ya haɗu da bitamin C a ciki lokaci guda, hanji ya fi karɓarsa. Ƙarancin jini, wanda ya fi damun mata masu ciki da masu goyo da ƙananan yara, sau da yawa daga rashin wannan sinadari ya ke. Sai dai zafin wuta yana lalata bitamin C, gwargwadon daɗewar ganye a tukunya gwargwadon raguwarsa.

Har wa yau ganyen yana ɗauke da karotin, watau abin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A. Rashin bitamin A shi ke kawo dundumi, yaro ya kasa gani da almuru, in abin ya yi tsanani ya ɓata ido, ya kuma raunana jiki a gaban kyanda da zawo. Karotin ba ya narkewa cikin ruwa sai cikin mai, don haka ganyen da aka ci da ɗan man gyaɗa ko ƙuli-ƙuli ya fi wanda aka ci gaya amfani. Wani awo da aka yi a 1992 ya sami bitamin E miligiram 12 a giram 100, wanda ya ninka na alayyafon Turai sau da yawa. Fotasiyam ɗinsa ya fi na ayaba, wadda ke da miligiram 358. Fotasiyam yana rage illar gishiri ga mai hawan jini, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta shawarci babban mutum ya sami aƙalla miligiram 3,510 a yini daga abinci. Maganiziyam kuwa jijiyoyi da tsoka da bugun zuciya duk suna bukatarsa.

Duk da haka, in an gwada shi da zogale sai ya sunkuya. Ɗanyen zogale giram 100 yana da furotin giram 9, kalsiyam miligiram 185, sinadarin ƙarfe miligiram 4, bitamin C fiye da miligiram 50. Ta kowace fuska cikin waɗannan zogale ne a gaba. Fasa-ƙaba ya yi fice ne a abu biyu: ba a shuka shi ba a ba shi ruwa, sa'an nan yana da wani irin maiƙo da ba a cika samu a ganye ba.

Maiƙon omega-3

A 1929 wani masani a Jami'ar Minnesota, George Burr, da matarsa Mildred, suka ciyar da ɓeraye abincin da aka tsame wa mai ƙaf. Ɓerayen suka daina girma, fatarsu ta lalace. Daga nan aka gane akwai waɗansu irin maiƙo da jiki ba ya iya ƙerawa da kansa, tilas sai an ci. Omega-3 yana cikinsu. Yana shiga ginin ƙwaƙwalwa da ido, yana kuma da hannu cikin lafiyar zuciya da hanyoyin jini.

A 1958 Ancel Keys da abokan aikinsa suka fara bin lafiyar dubban maza a ƙasashe bakwai. Suka tarar mutanen tsibirin Karita na ƙasar Girka ne ciwon zuciya ya fi ƙarancin kashewa, ko da ya ke suna cin mai da yawa. Abincinsu man zaitun ne da wake da hatsi da 'ya'yan itace, da ganyayen daji iri iri, fasa-ƙaba yana cikinsu. Bayan 1970 kuma likitoci biyu 'yan Danmak, Bang da Dyerberg, suka jawo hankali ga omega-3 na kifi, bayan binciken da suka yi a tsibirin Girinlan. Wata likita haifaffiyar Girka mai aiki a Amurka, Artemis Simopoulos, ta auna ganyen da mutanen ƙasarsu ke ci, ita da Norman Salem suka ba da sanarwa a 1986 cewa fasa-ƙaba ya fi sauran ganyayen da suka gwada omega-3. A 1989 suka nuna cewa ƙwan kajin wata gona a Girka, waɗanda ke kiwo a sake suna tsattsagar fasa-ƙaba da ciyawa da ƙwari, ya ninka ƙwan kajin keji omega-3 sau da yawa. A 1992 aka ba da adadi: miligiram 300 zuwa 400 a giram 100 na ɗanyen ganye. Daga nan sunan tsiron ya bazu.

A nan akwai abu uku da ya kamata a riƙe. Na ɗaya, waɗansu da suka auna daga baya sun sami ƙasa da wannan adadi, domin yawansa ya danganta ga iri da ƙasa da lokacin tsinka. Na biyu, masana abinci a Amurka sun ƙiyasta namiji yana bukatar giram 1.6 a yini, mace giram 1.1. Ko da an ɗauki adadi mafi girma, tafi biyu na ganyen ba su wuce rubu'in bukatar namiji ba, ko sulusin ta mace da ɗan ɗori. Na uku, omega-3 iri biyu ne, na tsiro da na kifi. Na kifi shi ne wanda jiki ke aiki da shi kai tsaye. Na tsiro sai jiki ya juya shi tukuna, abin da ya ke iya juyawa kuwa bai cika kai ushiri ba. Ganye ba zai zama kifi ba, kuma ba wanda ya nuna cewa ganye guda ne ya tsare zukatan mutanen Karita, gama cimarsu duka da wahalar aikinsu suna cikin lissafi.

To, amma ga ƙasar Hausa ko kaɗan ɗin nan abin so ne. Teku tana da nisa, kifi ba kullum ba, man da aka fi girki da shi kuwa, man gyaɗa da manja, kusan ba su da omega-3. Man waken suya yana da shi, amma ba kowane gida ke samunsa ba. Gidan da ke cin fasa-ƙaba sau biyu ko uku a mako, ya kuma bar kajinsa su tsattsage shi, ya sami wata ƙofa da dā ta ke a rufe.

Shin magani ne?

Tun ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa, likitan Girka Diyoskorides ya lissafa shi cikin masu sanyaya jiki, ya ce ana shafa shi ga ciwon kai da kumburi, ana tauna shi in tsami ya kashe haƙora. Likitocin Musulunci irin su Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, su ma sun sa shi cikin magunguna masu sanyi da danshi. Bahaushe kuwa daka shi ya ke yi ya ɗaura a kan kumburi, sunansa ma shaida ne. Haɗuwar al'ummai masu nisa da juna a kan abu guda ya sa masana suka gwada shi.

A 1986 da 1987 malamai a Jami'ar Jos, Okwuasaba da Parry da Ejike, suka nuna cewa ruwan ganyen yana sassauta tsokar da ta ɗaure. Binciken da ya biyo baya a 1993 ya nuna yawan fotasiyam ɗin da ke cikinsa shi ne babban dalili. A 2003 masana a ƙasar Jodan suka shafa dakakken ɗanyen ganye a raunin ɓeraye, raunin ya riga na waɗanda ba a shafa wa ba haɗewa. Ke nan maganar magabata tana da tushe. Amma ɓera ba mutum ba ne, ganyen da aka gwada kuma wankakke ne a ɗakin bincike. Ɗaura ganyen bola a kan buɗaɗɗen rauni kai masa ƙwayoyin cuta ne. Kumburin da ya tara ruwa, ko ya zo da zazzaɓi, ko ya fito a ƙafar mai ciwon sukari, na asibiti ne.

Game da ciwon sukari da hawan jini da kitsen jini, an yi gwaje-gwaje a kan mutane a Iran da Yaman da waɗansu ƙasashe, galiban da garin irin ko da abin da aka tatso daga ganyen. Waɗansu sun ga sukari ko kitse ko hawan jini ya ɗan sauka, waɗansu ba su ga wani bambanci ba. Galibinsu mutane 'yan gomiya aka gwada, na 'yan makonni, da yawa daga cikin majiyyatan kuma suna shan maganinsu na asibiti a lokacin. Iyakar abin da za a ce shi ne ganye ne da ya dace da cimar mai sukari, tun da ba shi da zaƙi ba shi da gari. Wanda ya ajiye ƙwayarsa ko allurarsa ya koma ga fasa-ƙaba ya sa idonsa da ƙodarsa da ƙafarsa cikin hatsari.

Abin kiyayewa

Zuma da zaƙi da harbi. Harbin fasa-ƙaba wani sinadari ne da a ke kira okzalet, wanda ke cikin alayyafo ma, amma na fasa-ƙaba yana cikin mafiya yawa a ganyayen ci. Okzalet yana kama kalsiyam ya daskare. In ya kama shi a hanji, su biyun su kan fita tare da bayan gida, illar kawai ita ce jiki bai amfana da kalsiyam ɗin ba. In kuwa ya shiga jini shi kaɗai, sai ya tarar da kalsiyam a ƙoda, nan su haɗu su zama tsakuwa. Mafi yawan tsakuwar ƙoda daga wannan haɗi ta ke. A ƙasa mai zafi, inda mutum ke yini yana gumi a gona bai sha isasshen ruwa ba, fitsari ya kan yi kauri, tsakuwa ta fi saurin ƙulluwa. Likitoci a ƙasar Sin sun ba da rahoton waɗanda ƙodarsu ta sami rauni bayan sun ci shi da yawa ƙwarai. Haka kuma a Ostareliya an ga tumaki mayunwata sun mutu da aka sake su a filin da ba kome sai shi. Sabo da haka wanda ya taɓa yin tsakuwa ya nisance shi. Mai ciwon ƙoda ma haka, domin ban da okzalet, ƙodarsa ba ta iya fitar da yawan fotasiyam. Masu maganin gargajiya na Sin suna hana mai ciki shansa a matsayin magani.

Ga mai lafiya akwai dabara biyu. Ta fari, a tafasa ganyen kaɗan a tsiyaye ruwan, gama wani kashi na okzalet yana fita cikinsa, ko da ya ke bitamin C ma yana raguwa. Ta biyu, a ci shi da nono. A 2009 masana a Jami'ar Lincoln ta ƙasar Niyu Zilan suka gauraya ganyen da kindirmo, sai kashin okzalet mai shiga jini ya sauko daga fiye da rabi zuwa kusan ushiri, domin kalsiyam ɗin nono ya riga ya kama shi tun a ƙwarya.

Sauran hatsarin daga mazauninsa ya ke. Jibjin dā toka ce da shara da kashin dabbobi. Jibjin birni a yau yana da matattun batura da baƙin mai da ruwan kwata, tsiron kuwa yana zuƙar dalma da makamantanta daga ƙasa, wanki ba ya fid da su. Na gefen hanya da na bayan gida yana ɗauke da ƙwan tsutsar ciki da ƙwayoyin zawo. Na gonar da aka yi wa feshin maganin ciyawa shi ma haram ne ga tukunya. Wanda za a ci sai na gona ko lambu mai tsabta, a wanke shi sosai da ruwa mai kyau.

Yadda a ke cinsa

A Sudan ana dafa rijla da nama da jan adas a ci da kisra, Hausawan da ke zaune can sun san wannan miya. Turkawa suna yayyanka shi ɗanye cikin kindirmo da tafarnuwa, watau sun riga masu bincike gano dabarar nono. A ƙasashen Sham yana cikin haɗin ganye da gasasshiyar gurasa da a ke kira fattush. Girkawa suna cinsa da tumatir da albasa da man zaitun, mutanen Meziko kuwa suna dafa shi da nama cikin miya mai yaji.

Madafin Bahaushiya ba ya bukatar sabon abu kafin ya karɓe shi. Hanyar da a ke bi da rama da tafasa da zogale ita ce hanyarsa. Ana iya ɗan tafasa shi a matse, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir da ɗan mai. Ana iya zuba shi a fate ko dambu. A miya yana ba da ɗan yauƙi, bai kai na lalo ko kuɓewa ba, da ɗan tsami wanda bai kai na yakuwa ba, sai a sa shi daga ƙarshe gab da saukewa. Kan reshe mai taushi, wanda bai yi fure ba, shi ya fi daɗi. Mai lambu da ke son nasa mai tsabta sai ya watsa irin bisa fangali kada ya binne, domin yana son haske kafin ya tsira. Cikin mako biyar ko shida ya isa yanka, in an bar gindin kuma zai sake tohowa.

Abin da binciken nan duka ya tsaya a kai shi ne fasa-ƙaba mahaɗi ne mai kyau ga masu cin hatsi: yana kawo bitamin C da karotin da fotasiyam da ɗan omega-3 a watannin da gida ya fi bukatarsu, ba tare da an kashe ko kwabo ba. Sharuɗɗansa huɗu ne: a tabbata shi ne ba wani ba, a tsinko shi a wuri mai tsabta, a ci shi daidai wa daida tare da nono ko bayan an tsiyaye ruwansa, mai ciwon ƙoda kuma ya bar shi. Manomin da ya cika waɗannan, in ya zo firi bana, sai ya ware na tumaki dabam, ya ɗebi masu taushin ya kai gida.